Wasa Wuƙar Injin Yanke Ciyawa da Daidaita Nauyinta

Injin yanke ciyawa dai wani Bature ne mai suna Edwin Budding ya ƙirƙiro shi a Ingila a shekarar 1830, amma irin wanda aka fi gani yanzu shi ne mai wuƙa ɗaya a kwance a ƙarƙashinsa, tana juyawa wajen sau 3,000 a minti guda. Idan wuƙar nan ta dakushe ba yanka take ba, fizgar ciyawar kawai take tana yagawa, shi ya sa bayan kwana biyu za ka ga bakin ganyen ya bushe ya yi ruwan ƙasa, kuma ta nan cuta ke shiga. Galibi ana wasa ta bayan aikin awa 20 zuwa 25.

Kafin a taɓa komai sai an cire wayar filogi, wannan kam ba abin wasa ba ne don juya wuƙar da hannu na iya tada injin. A kwantar da shi ɓangaren kabireta na sama kar baƙin mai ya gangara ciki, a tokare wuƙar da guntun katako sannan a kwance notin da sifana. A yi mata alama a gefen da ke kallon ƙasa, da yawa suna mayar da ita a juye sai su rasa me ya hana ta ci.

Da magagari ake wasawa ko giranda, ana bin karkatar bakinta na asali, kusan digiri 30, ta fuska ɗaya kawai. Ba a so ta yi kaifin reza, da ta haɗu da tsakuwa za ta ɓalgace. Mai giranda ya riƙa tsoma ta a ruwa, in ƙarfen ya yi shuɗi to ya ƙone, ƙwarinsa ya tafi.

Daidaita nauyi kuwa shi mutane suka fi tsallakewa alhali nan ne asarar take. In gefe ɗaya ya fi nauyi injin zai ta jijjiga har ka ji a tafin hannunka, a hankali boris ya lalace, notuna su saki. Gwajin ba wuya, a kafa ƙusa a bango a rataya wuƙar ta ramin tsakiyarta, gefen da ya rinjaya ƙasa shi za a ƙara gogewa kaɗan-kaɗan har ta tsaya daidai. Wadda ta tsage ko ta lanƙwashe kar a kai ta wurin mai walda, sabuwa ake saya.