Ra'ayoyin magoya bayan tseren motoci na NASCAR

NASCAR ita ce hukumar da ke shirya babbar gasar tseren motoci ta Amurka, wadda ake yi da motocin da aka ƙera jikinsu kan siffar waɗanda ake sayarwa a kasuwa, ko da yake injinsu da ƙarafan da ke kare direba na tsere ne zalla. Bill France babba ne ya kafa ta a garin Daytona Beach na jihar Florida a 1948, kuma har yau iyalinsa ne ke riƙe da ita. An san magoya bayan wannan wasa da tsayawa kan direba guda shekara da shekaru, da ƙin abokin hamayyarsa a fili, da kuma yawan ƙorafi kan yadda gidajen talabijin ke nuna tseren. Akasarin saɓanin da ke tsakaninsu yana komawa ne ga abu ɗaya: wasan ya taso a kudancin Amurka cikin talakawan karkara da ma'aikatan masana'antu, sannan talabijin ta mai da shi na ƙasa baki ɗaya, tsofaffin magoya baya kuwa suna ganin an biya wannan ɗaukaka da tsada.

Asalin magoya bayan

Wasu daga cikin direbobin farko masu safarar barasar da ake dafawa a ɓoye ne a tsaunukan Carolina ta Arewa da Virginia da Georgia, waɗanda suka ƙware wajen gyara mota don tsere wa jami'an gwamnati. Junior Johnson shi ne mafi shahara a cikinsu, kuma ya yi zaman kurkuku kan sana'ar barasar a farkon shekarunsa na tsere, ya zama babban direba, daga baya kuma mai ƙungiya. Wannan tarihi ne ya sa magoya baya na dauri suke auna direba da abin da ya wuce yawan nasara: shin ya taso yana gyara motarsa da hannunsa, yana magana kamar mutanen yankin, kuma yana tsayawa ya gaisa da jama'a? Richard Petty, wanda ya ci tsere 200 da kambu bakwai, galibi a mota mai lamba 43, ya samu laƙabin Sarki, kuma ana yawan tuna shi da zaman sa'o'i yana sa wa 'yan kallo hannu bayan an tashi.

Direbobi

Babu hamayyar da ta raba magoya baya gida biyu kamar ta Dale Earnhardt da Jeff Gordon a shekarun 1990. Earnhardt ɗan garin Kannapolis ne na Carolina ta Arewa, bai kammala sakandare ba, yana tuƙa baƙar mota mai lamba 3, kuma ba ya jin nauyin dungurar motar da ke gabansa idan ta tare masa hanya. Gordon kuwa an haife shi a Kalifoniya, ya girma a Indiana, yaro ne mai tsafta da iya magana a gaban kyamara, motarsa mai lamba 24 kuma fentinta kala-kala. Ya ɗauki kambu a 1995 da 1997 da 1998 da 2001, kuma duk lokacin da aka kira sunansa kafin tsere sai wani ɓangare na filin ya kaure da ihun ƙi. Masu ƙinsa ba su musanta gwanintarsa ba. Abin da suka gani a jikinsa shi ne alamar cewa wasan yana fita daga hannunsu zuwa hannun manyan kamfanoni da baƙin 'yan kallo.

Earnhardt ya rasu a zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500, mafi girma a gasar, ranar 18 ga Fabrairu, 2001. A sauran tserukan wannan shekara 'yan kallo suka riƙa miƙewa tsaye a zagaye na uku suna ɗaga yatsu uku, masu sharhi a talabijin kuma suka riƙa yin shiru har zagayen ya ƙare. Da yawa daga masoyansa suka koma bayan ɗansa, Dale Earnhardt ƙarami, wanda ya lashe kyautar direban da jama'a suka fi so sau 15 a jere, daga 2003 zuwa 2017, alhali bai taɓa ɗaukar kambun babbar gasar ba. Ƙuri'ar magoya baya ce ke fitar da wannan kyauta, kuma tarihinta yana nuna yadda so ke bin zuriya: Bill Elliott ya same ta sau 16, ɗansa Chase Elliott kuma ya karɓe ta daga 2018. A watan Afrilun 2007, da Gordon ya ci tserensa na 77 a filin Talladega na jihar Alabama, ya wuce 76 ɗin da Earnhardt ya bari, sai wasu 'yan kallo suka yi ta jifan motarsa da gwangwanayen giya. Filin nan ne Earnhardt ya ci sau 10, ranar kuma ta zo daidai da ranar haihuwarsa.

Wasu direbobin sun rungumi ƙiyayyar sun mai da ita jari. Kyle Busch, wanda ya juyar da motar Earnhardt ƙarami suna takarar gaba a Richmond a 2008, yakan fito daga mota bayan nasara ya rusuna wa masu yi masa ihu da gangan. Denny Hamlin ya faɗa wa 'yan kallo a filin Bristol a 2023 cewa ya doke direban da kowannensu yake so. Jimmie Johnson, da ya ɗauki kambu biyar a jere daga 2006 zuwa 2010, laifinsa a wurin mutane da dama shi ne ya cika ci kuma bai da rigima.

Batun Bubba Wallace, direba baƙar fata, ya fi waɗannan nauyi, domin ya wuce hamayyar wasa. A watan Yunin 2020, bayan kiran da ya yi, hukumar ta haramta ɗaga tutar jihohin kudu da suka yi tawaye a yaƙin basasar Amurka, tutar da baƙaƙen fata ke ɗauka a matsayin alamar bauta, wasu magoya baya kuma suke cewa gadon yankinsu ce. A 2021 ya ci tsere a Talladega, ya zama baƙar fata na farko da ya yi nasara a babbar gasar tun Wendell Scott a 1963.

Ƙungiyoyi da kamfanonin mota

Mai goyon bayan NASCAR yakan bi direba da lambar motarsa fiye da ƙungiyar da ta mallaki motar. An ga haka a 2008, lokacin da Earnhardt ƙarami ya bar kamfanin da mahaifinsa ya kafa ya koma Hendrick Motorsports, ƙungiyar Gordon ɗin da suka daɗe suna ƙi: magoya bayansa suka ajiye rigunan lamba 8 suka sayi na 88. Manyan ƙungiyoyi irin su Hendrick da Joe Gibbs Racing da Team Penske suna shan zargin cewa kuɗi ne ke ci musu tsere. Akwai kuma tsohuwar gaba tsakanin masu Ford da masu Chevrolet, wadda takan bi irin motar da ke ajiye a gidan mutum. Shigowar Toyota ta Jafan a 2007 ta fusata wasu, duk da cewa ana haɗa ƙirar Camry a jihar Kentucky.

Talabijin

Tashar CBS ce ta fara nuna Daytona 500 kai tsaye daga farko har ƙarshe a 1979, a ranar da dusar ƙanƙara ta tsare mutanen gabashin ƙasar a gida. A zagayen ƙarshe Cale Yarborough da Donnie Allison suka yi karo suna kan gaba, Petty ya wuce ya ci, sannan kyamara ta nuno Yarborough yana dambe da Donnie da yayansa Bobby a kan ciyawa. Daga wannan rana ake ƙidaya shigar wasan gidajen Amurkawan da ba 'yan kudu ba. A 1999 hukumar ta tattara haƙƙin nuna tseruka daga kakar 2001 ta sayar wa Fox da NBC da kamfanin Turner kan kusan dala biliyan 2.4, kuma Daytona 500 na farko da Fox ta nuna shi ne wanda Earnhardt ya rasu a cikinsa. Masu kallon Daytona 500 sun kai kusan miliyan 19 a 2006, amma a shekarun baya-bayan nan ba sa kai miliyan 10.

Babban ƙorafin masu kallo a gida shi ne talla. Tsere kan ɗauki sa'o'i uku ko fiye ba tare da hutun rabin lokaci ba, saboda haka ana yanke shi a saka talla motoci na gudu, mai kallo ya dawo ya tarar an yi hatsari ko an canza mai jan gaba. Raba fuskar talabijin biyu, talla a gefe tsere a gefe, ya rage abin amma bai kawar da shi ba. Ana kuma kukan cewa kyamara na matsawa kan mota ɗaya ko biyu ta bar fafatawar da ake yi a tsakiya, da cewa masu sharhi na fifita fitattun sunaye. Darrell Waltrip, tsohon zakara sau uku wanda ya yi sharhi a Fox daga 2001 zuwa 2019, yana da kirarin da yake yi duk lokacin da aka kaɗa tutar farawa, wasu na jiransa da ɗoki, wasu na rage murya. Wanda ya je fili yana da abin da na gida ba shi da shi: yakan ɗaura na'urar sauraro a kunne, wadda ke kare shi daga ƙarar injuna, ya kama zangon rediyon direbansa, ya ji shi yana gardama da shugaban makanikai kan taya da mai, yana kuma jin mai leƙe daga saman rufin fili yana gaya masa akwai mota a damansa ko hagunsa.

Ana ɗora wa talabijin alhakin sauye-sauyen dokoki ma, kuma zargin ba ya rasa tushe. Bayan Matt Kenseth ya ɗauki kambun 2003 da nasara ɗaya tak, saboda tara maki a hankali, aka shigo da zagayen fitar da gwani na tseruka 10 na ƙarshe a 2004. A 2014 aka mai da shi na sallama, direbobi 16 ana rage su har su zama huɗu a tseren ƙarshe, tsarin da aka bi har zuwa 2025, a 2017 kuma aka raba kowane tsere kashi-kashi da tsayawa a tsakani, abin da mutane da yawa suka fassara da neman gurbin talla. Masu sukar tsarin sallamar sun kafa hujja da Kevin Harvick, wanda ya ci tsere tara a 2020 amma bai shiga huɗun ƙarshe ba, da Joey Logano, wanda ya ɗauki kambun 2024 bayan kaka mai rauni. Masu kare tsarin sun ce ya hana a san zakara tun ana saura makonni.

Wani lokaci kukan yakan yi tasiri. An ɗauke tseren Southern 500 na filin Darlington daga ƙarshen makon hutun ma'aikata na Amurka, a farkon Satumba, a 2004, aka ba wani fili a Kalifoniya ranar, sannan aka mai da shi mazauninsa a 2015. Filin North Wilkesboro, da aka daina babbar gasa a cikinsa a 1996 har ciyawa ta tsiro a kan kwaltarsa, an gyara shi ya karɓi tseren fitattun direbobi na musamman a 2023, bayan fafutukar da Earnhardt ƙarami yake cikin jagororinta. Yarjejeniyar talabijin ta 2025 zuwa 2031, mai darajar kusan dala biliyan 7.7, ta raba kakar tsakanin Fox da NBC da TNT da Prime Video na kamfanin Amazon, wanda ya samu tseruka biyar da ba a iya gani sai ta intanet, ciki har da Coca-Cola 600. Tsofaffin magoya baya sun koka kan sai sun biya kuɗin shiga wurare da dama kafin su bi kaka ɗaya, yayin da waɗanda suka kalla a Prime Video suka yaba da ƙarancin yanke tsere da doguwar tattaunawar da ake yi bayan an gama.