Binciken tarihin aikin sojojin Birtaniya da na Indiya a yaƙe-yaƙen duniya

Binciken tarihin aikin soja reshe ne na binciken asali da tarihin dangi, inda ake bin sawun soja guda cikin takardun hukuma don a gano ranar da ya shiga soja, bataliyar da ya yi aiki a cikinta, fagagen daga da aka kai shi, da yadda aikin nasa ya ƙare. Wannan maƙala ta tsaya ne kan sojojin Birtaniya da na Indiya ta zamanin mulkin mallaka, a Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914 zuwa 1918) da na Biyu (1939 zuwa 1945). Rundunonin biyu sarki ɗaya suka yi wa aiki, sau da yawa ma a rami ɗaya suka kwana, amma takardunsu ba hanya ɗaya suka bi ba. Fayilolin Turawan da suka yi yaƙin farko wuta ce ta cinye mafi yawansu a Landan. Na Indiyawan kuwa tun asali ba a kai su Landan ba.

Fayilolin da wuta ta ci

Duk wanda ya shiga sojan Birtaniya akan buɗe masa fayil. A ciki akwai takardar rantsuwa mai ɗauke da shekarunsa, tsawonsa, faɗin ƙirjinsa, sana'arsa, tabo ko zanen da ke jikinsa, da sunan magajinsa. Akwai kuma takardar da akawun runduna ke cikawa duk lokacin da aka sauya masa wuri, ko ya kwanta asibiti, ko aka yanke masa albashi saboda maye ko makara daga hutu. Ba duk abin da ke kan takardar rantsuwa ne abin dogara ba, domin yara da yawa sun ƙara wa kansu shekaru don a ɗauke su, wasu dattawa kuma suka rage.

Fayiloli wajen miliyan shida da rabi na ƙananan sojoji aka tara a wani sito na Ma'aikatar Yaƙi da ke titin Arnside, unguwar Walworth ta Landan. A watan Satumba na 1940 jiragen Jamus suka jefa bama-bamai a yankin, siton ya kama wuta, kusan kashi biyu cikin uku suka ƙone. Abin da ya tsira, wanda masu bincike ke kira “takardun da suka ƙone”, yana Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kew ƙarƙashin lamba WO 363. Wanda ya duba hotunansu zai ga shafuka masu baƙin gefe, wasu ruwan 'yan kwana-kwana ya wanke tawadarsu, wasu kuma suna ya rage amma lambar sojan ta tafi. Wani rukunin, WO 364, an harhaɗa shi ne daga fayilolin waɗanda aka sallama da fansho, waɗanda suke wani wuri dabam lokacin gobarar. Hafsoshi sun fi sa'a: fayiloli sama da 200,000 nasu suna nan a WO 339 da WO 374.

Lambar soja da katin lambar yabo

Kafin 1920 sojan Birtaniya ba shi da lamba guda ta din-din-din. Kowace rajimanti tana ba da nata jerin, saboda haka lamba ɗaya na iya zama ta mutane da dama a rajimantoci daban-daban, kuma wanda aka mayar wata rajimanti sai a ba shi sabuwa. A 1917 aka sake wa sojojin wucin-gadi na rundunar Territorial lambobi masu alƙaluma shida. Wannan ya rikitar da masu bincike da yawa, amma yana da amfani: tunda a jere ake bayar da lambobin, idan an san ranar da na gaba da na baya suka shiga, ana iya kintatar ranar wanda fayil ɗinsa ya ƙone.

Inda fayil ya ɓace, katin lambar yabo ne madogara ta farko. Katunan sun haura miliyan biyar, suna WO 372, kuma kowanne na nuna suna, muƙami, lamba, rajimanti, lambobin yabon da mutum ya cancanta, wani lokaci da ranar da ya fara taka fagen daga. Lambobin yabon gama-gari na wannan yaƙi su ne Tauraron 1914, Tauraron 1914–15, Lambar Yaƙi ta Birtaniya da Lambar Nasara, kuma an buga sunan mai su da lambarsa a jikinsu. Shi ya sa minda ɗaya da aka tsinta a ƙasan akwati takan isa ta buɗe bincike gaba ɗaya. Katin kuma yana kaiwa ga rajistar WO 329, wadda sau da yawa ita ce ke faɗin bataliya.

Littafin yau da kullum na bataliya

Kowace bataliya da ke fagen daga wajibi ne ta riƙa rubuta abin da ya faru kullum. Waɗannan littattafai suna WO 95, kuma sun ƙunshi na rundunonin Indiya ma. Galibi wani ƙaramin hafsa ne ke rubutawa, sau da yawa da fensir: inda aka kwana, yanayin sama, umarnin da ya zo, wa aka karɓa a rami, mutum nawa aka rasa. Hafsa idan ya mutu akan rubuta sunansa. Kurtu kuwa sai dai a lissafa shi cikin adadi, a ce an kashe kaza, an raunata kaza. Duk da haka babu wata takarda da ta fi wannan nuna abin da soja ya gani da idonsa, muddin an tabbatar da bataliyarsa da ranakun da yake cikinta.

Sojan Indiya

Indiyawa fiye da miliyan ɗaya ne suka yi aiki a yaƙin farko, mayaƙa da ma'aikata, kuma wajen 74,000 suka mutu. Rundunar Lahore ta sauka Marseille ta Faransa a ƙarshen Satumba na 1914, ta Meerut ta biyo baya a Oktoba, suka yi faɗa a Ypres da Neuve-Chapelle, daga baya aka karkata mafi yawan sojojin ƙasa zuwa Iraƙi ta yau, da Masar da Falasɗinu da Gabashin Afirka. Khudadad Khan na rajimanti ta 129 ta Baluchi shi ne Ba'indiye na farko da ya samu lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya, saboda abin da ya yi ranar 31 ga Oktoba 1914 kusa da Hollebeke a Beljiyam. Sai daga 1911 ne ma aka yarda Indiyawa su cancanci wannan lamba.

Mai bincike sai ya fara sanin muƙaman. Farabiti shi ne sepoy a sojan ƙasa, sowar a sojan doki. Naik daidai yake da kofur, havildar da saje. Sama da su akwai jemadar da subedar da subedar-manjo, hafsoshi 'yan ƙasa da ke riƙe da takardar naɗi daga Wakilin Sarki a Indiya, waɗanda komai furfurarsu suna ƙasa da ƙaramin laftana Bature. Bayan mayaƙa akwai dubban masu ɗiban ruwa, kuku, masu shara, masu kora alfadarai da leburori, kuma su ne suka fi kowa ɓacewa a takarda.

Hafsoshin Turawa na wannan runduna ba su da wahalar samu. Fayilolinsu na tsakanin 1900 da 1947 suna cikin takardun Ofishin Indiya a Laburaren Birtaniya, rukunin L/MIL/14, sunayensu kuma suna cikin jerin hafsoshin da ake bugawa a kai a kai. Na ƙananan sojoji Indiyawa kuwa a cibiyoyin rajimantocinsu aka riƙe su. Da aka raba ƙasar a 1947, aka raba rajimantocin tsakanin Indiya da Pakistan, takardun suka bi su. Rajimantocin Gurkha, wato mayaƙa 'yan Nepal, guda huɗu (ta 2, ta 6, ta 7 da ta 10) suka koma sojan Birtaniya, shida suka zauna a Indiya. Kafin nan ma an sake fasalin rundunar a 1922, inda sunaye suka sauya: rajimantin Khudadad Khan ta zama bataliya ta 4 ta rajimanti ta 10 ta Baluch. Wanda bai bi wannan salsala ba zai yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba.

Sai matsalar suna. Yawancin sojojin ba su da sunan zuri'a irin na Turawa. Kusan kowane Basikhe Singh ne, Khan kuma ya cika rajistar Musulmi, sannan akawu kan rubuta Muhammad yau da wani salo, gobe da wani. Abin da ke bambance mutum shi ne lambarsa, sunan mahaifinsa, ƙauyensa da gundumarsa.

A nan ne rajistocin Punjab suka yi rana. Bayan yaƙin, wajen 1919 zuwa 1920, gwamnatin lardin ta sa aka bi gunduma-gunduma aka rubuta waɗanda suka tafi soja, sunaye kimanin 320,000, tare da sunan uba, ƙauye, rajimanti, da bayanin wanda ya mutu ko ya ji rauni. Sun shafe kusan ƙarni guda a gidan tarihi na Lahore ba mai waiwayarsu, sai a 2021 aka fara sa su a intanet ta haɗin gwiwar wata ƙungiyar adana tarihin Punjab da ke Birtaniya da Jami'ar Greenwich. Daga Punjab aka fi ɗibar mayaƙa, bisa aƙidar Turawa cewa wasu ƙabilu ne kaɗai aka haifa da jinin yaƙi. Ƙauyen Dulmial shi kaɗai ya ba da mutum 460.

Wasiƙun da aka tace

Muryar sojan Indiya ta tsira ne ta hanyar da ba a yi nufi ba. Tun ƙarshen 1914 aka kafa ofishin tace wasiƙunsu a Faransa ƙarƙashin Evelyn Berkeley Howell. Ma'aikatansa na karanta wasiƙun Urdu da Gurmukhi da Hindi da sauransu, su fassara sassa zuwa Turanci cikin rahotanni, da sunan marubuci da rajimantinsa. Rahotannin suna Laburaren Birtaniya, kuma masanin tarihi David Omissi ya wallafa zaɓaɓɓu daga ciki a 1999. Sojojin sun san ana karanta musu, sai suka koma zaurance. Baƙin barkono na nufin sojojin Indiya, jan barkono na nufin Turawa, don haka mutum kan rubuta wa gida cewa baƙin barkonon da aka kawo ya kusa ƙarewa, ma'ana kada ƙanensa ya kuskura ya shiga soja. Sai dai a karanta su da lura: da yawa shifta aka yi wa wani mai ilimi ya rubuta, sannan fassarar wani ce ta iso gare mu, ba asalin takardar ba.

Matattu da fursunoni

Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi, wadda aka kafa a 1917 bisa ƙoƙarin Fabian Ware, tana riƙe da sunayen mutum miliyan 1.7, kuma bincike a rajistarta kyauta ne. Ta ɗauki waɗanda suka mutu daga 4 ga Agusta 1914 zuwa 31 ga Agusta 1921, da kuma daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Ginin tunawa na Neuve-Chapelle na ɗauke da sunayen Indiyawa sama da 4,700, Ƙofar Indiya da ke Delhi kuma sama da 13,000. A Brighton ta Ingila, inda aka mayar da fadar Royal Pavilion asibiti, an ƙona gawarwakin Hindu da Sikh 53 a wurin da daga baya aka gina ginin tunawa na Chattri, Musulmi kuma aka kai su Woking aka binne. A ginin tunawa na Basra an sassaƙa sunayen Turawa da na hafsoshin Indiya, ƙananan sojojin Indiya kuwa adadinsu kawai aka sa. Wani rahoto da hukumar ta fitar a 2021 ya amsa cewa tsakanin mutum 45,000 da 54,000 ba a karrama su daidai da Turawa ba, wasu aƙalla 116,000, galibi 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su ba sam.

Katunan fursunonin yaƙin farko suna hannun ƙungiyar Red Cross a Geneva. Jamusawa sun tara fursunoni Musulmi a sansanin Wünsdorf, inda suka gina masallaci a 1915, kuma an naɗi muryoyin wasu Indiyawa a can, faifan suna Jami'ar Humboldt ta Berlin.

Yaƙin Duniya na Biyu

Fayilolin sojan Birtaniya na wannan yaƙi sun tsira. Ma'aikatar Tsaro ce ta adana su, kuma a 2021 ta fara mayar da fayilolin soja kusan miliyan goma zuwa ma'ajiyar Kew. Lambobin yabon da aka ba Turawa ba a buga musu suna ba, abin da ya rage amfaninsu ga mai bincike. Sojan Indiya ya kai mutum miliyan biyu da rabi, wajen 87,000 suka mutu. Dubban da aka kama a Singafo a Fabrairun 1942 sun shiga rundunar da ta yi yaƙi tare da Japan ƙarƙashin Subhas Chandra Bose, ɗan fafutukar 'yancin Indiya. Hukumar soja ta ɗauke su masu cin amana, Indiya mai 'yanci ta ɗauke su 'yan kishin ƙasa.

Littattafan yau da kullum na fagen Boma suna WO 172. A cikin rukunin nan ne ake samun na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda bataliyoyin Najeriya, waɗanda Hausa ce harshen bariki a cikinsu, suka yi faɗa tare da Indiyawa a kwarin Kaladan da Arakan. Iyalan 'yan mazan jiya da ke neman labarin kakanninsu na yaƙin Boma suna cin karo da irin cikas ɗin da iyalan Punjab ke fuskanta: littafin ya ambaci sunan hafsa, ya lissafa saura. Barikin Myohaung da ke Legas ya samo sunansa daga garin da waɗannan rundunoni biyu suka ƙwace a Janairun 1945.