Waƙoƙin anime a ɗakunan karaoke na Japan

Waƙoƙin anime, waɗanda Japanawa ke kira anison, su ne waƙoƙin da ake buɗe shirye-shiryen katun na Japan da su, ko a rufe da su. A talabijin kowace waƙa ba ta wuce kimanin minti ɗaya da rabi ba, amma akan fitar da cikakkiyarta a faifai, kuma wannan cikakkiyar ce ake samu a na'urar karaoke. A cikin masu rera su, maza 'yan shekara talatin da ɗoriya, wato waɗanda aka haifa daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa tsakiyar shekarun 1990, suna da nasu jerin waƙoƙi da aka san su da shi. Abu biyu ne suka tsara jerin: abin da tsarar ta kalla tare tana ƙuruciya, da kuma iya inda maƙogwaron magidanci zai kai.

Ɗakin da na'urar

Karaoke kiɗa ne da aka cire muryar mawaƙi, baitocin na fitowa a allo, mutum ya riƙe makirufo ya rera da kansa. Daisuke Inoue, wani makaɗi a birnin Kobe, yana cikin waɗanda suka fara haɗa irin wannan na'ura a 1971, kuma bai yi mata rajistar mallaka ba. Da farko a mashaya ake ajiye ta, dattawa na rerawa a gaban baƙi. A tsakiyar shekarun 1980 ne aka fara mayar da kwantenonin kaya ƙananan ɗakuna a lardin Okayama, inda abokai za su kama ɗaki na awa ɗaya ko biyu, su rufe ƙofa. Wannan ya jawo ɗalibai da matasa.

Canjin da ya fi amfanar waƙoƙin anime ya zo ne a 1992, lokacin da aka fara aiko da kiɗa zuwa na'urar ta layin waya maimakon faifai. Kamfanin Xing ya fito da na'urarsa mai suna Joysound a shekarar, Daiichikosho kuma ya biyo baya da DAM a 1994, kuma su biyun ne ke riƙe da kasuwar har yau. Da faifai ya daina zama iyaka, sai aka samu wurin zuba dubban waƙoƙin da a da ba za a damu da su ba. Wasu ma ana haɗa su da ainihin hotunan shirin a allo, abin da kan sa ɗaki ya kaure da ihu tun kafin a fara baitin farko.

Daga waƙar yara zuwa waƙar kasuwa

Waƙar Tetsuwan Atom ta 1963, wadda marubucin waƙoƙi Shuntaro Tanikawa ya rubuta, ita ake ɗauka a matsayin mafari. A shekarun 1970 salon ya tsaya da ƙafarsa: murya mai kauri, ƙaho da ganguna, ana kiran sunan jarumin da makaminsa. Ichiro Mizuki, mai waƙar Mazinger Z ta 1972, shi ne jigon wannan salo har ya rasu a 2022. Hironobu Kageyama ya ɗora da Cha-La Head-Cha-La ta Dragon Ball Z a 1989, wadda ta buɗe shirin na kusan kashi 200.

Sai kamfanonin faifai suka gane cewa minti ɗaya da rabi a gaban miliyoyin yara kowane mako talla ce da ba ta da tamka. Suka fara bai wa masu shirin waƙoƙin ƙungiyoyin kiɗan rok da suke son tallatawa, ko da waƙar ba ta da alaƙa da labarin. Get Wild ta TM Network, wadda ke rufe City Hunter a 1987, tana cikin na farko-farko. A shekarun 1990 abin ya zama ruwan dare. Shirin ƙwallon kwando na Slam Dunk ya samu Sekai ga Owaru made wa ta ƙungiyar WANDS a 1994, waƙar rabuwar masoya ce da ba ta ambaci ƙwallo ba ko sau ɗaya. Tetsuro Oda ne ya tsara kiɗanta, kuma shi ne ya tsara Dan Dan Kokoro Hikareteku ta Dragon Ball GT a 1996. Masu ra'ayin tsohon salo sun daɗe suna gunagunin cewa waɗannan ba anison ba ne na gaskiya, kuma suna da hujja. To amma wannan gauraya ce ta ba 'yan wannan tsara damar rera waƙar katun a gaban manya ba tare da jin kunya ba, domin waƙoƙin sun shiga jerin faifan da suka fi kasuwa kamar kowace waƙa.

Waƙoƙin tsarar

Lokacin da waɗannan maza ke firamare, anime na fitowa ne da ƙarfe 6 ko 7 na yamma, ko safiyar Lahadi, a tashoshin da kowane gida ke kamawa. Mujallar Shonen Jump, inda yawancin labaran suka samo asali, ta kai kwafi miliyan 6.53 a mako a farkon 1995. Duk ajinku abu ɗaya kuka kalla jiya. Shi ya sa yau, bayan shekara ashirin da ɗoriya, ma'aikatan da suka taso a garuruwa daban-daban za su iya ɗaukar amshi ɗaya ba tare da kallon allo ba, kamar yadda waɗanda suka taso a Kano a zamanin silima ke haɗuwa a kan waƙoƙin finafinan Indiya.

Idan za a zaɓi waƙa ɗaya a ce ita ce taken tsarar, Butter-Fly ce, ta Digimon Adventure na 1999. Ita ce waƙar farko da Koji Wada ya fitar. Waƙa ce da jita ke gudu a cikinta, kuma an sake sanya ta a kashin ƙarshe na shirin, wurin da yaran ke rabuwa da abokan tafiyarsu. Wada ya yi shekaru yana fama da ciwon daji a maƙogwaro, ya rasu a Afrilun 2016 yana da shekara 42. Tun daga nan waƙar ta ƙara nauyi a wurin waɗanda suka girma da ita, kuma sau da yawa ita ake ajiyewa ta zama ta rufe zama. We Are! ta One Piece, wadda Hiroshi Kitadani ya rera a 1999, ita ma ta taro ce, haka waƙar Pokémon ta 1997 da Rica Matsumoto ta rera.

Na ƙasa-ƙasa a tsarar sun fi karkata ga shekarun 2000: Haruka Kanata da GO!!! daga Naruto, Melissa da Rewrite daga Fullmetal Alchemist, Invoke daga Gundam SEED. Akwai kuma Zankoku na Tenshi no These ta Evangelion, wadda Yoko Takahashi ta rera a 1995. Wannan ta wuce tsara, domin ita ce ta zo ta ɗaya a lissafin Joysound na waƙoƙin da aka fi rerawa a zamanin sarautar Heisei, wanda ya ƙare a 2019.

Matsalar murya

Yawancin waɗannan waƙoƙi suna da wuya. Mawaƙan rok na lokacin, irin su Takanori Nishikawa mai Invoke da Akihito Okano mai Melissa, suna da murya mai tashi sama fiye da ta yawancin maza. Wanda ya nace sai ya rera yadda take a faifai, yakan kai amshi na biyu da murya a dishe. Na'urar tana da maɓallin ɗaga kiɗa ko sauke shi mataki-mataki, kuma sauke mataki biyu ko uku kan wadatar. Ga waƙar mace kuma dabarar daban ce: a ɗaga kiɗan mataki huɗu ko biyar, sannan namiji ya rera da muryarsa ta ƙasa. Wasu na ganin taɓa maɓallin gazawa ne, alhali masu tafi da girgiza kacau-kacau ba su ma lura.

Tarko na biyu shi ne tsawon waƙar. Mutum ya haddace minti ɗaya da rabin da yake ji a talabijin, sai ya tarar akwai baiti na biyu da bai taɓa ji ba, da wani sashe a tsakiya mai karin sauti daban. A nan ake gane wanda ya sayi faifan yana yaro. Saboda haka ne kamfanonin suke sanya gajeren nau'in wasu waƙoƙin, daidai yadda yake a talabijin.

Zaɓen waƙa a cikin jama'a

A Japan ma'aikata kan je cin abinci tare bayan tashi daga aiki, daga nan a wuce zama na biyu, wanda sau da yawa karaoke ne. Na'urar zaɓen waƙa na zagayawa hannu-hannu, ba a jera waƙa biyu, ba a kuma katse ta wani. Ɗan shekara 35 yana tsakiya: shugabansa ɗan shekara 50 ya san Get Wild da Dragon Ball, sabon ma'aikaci ɗan shekara 23 kuma ya san Gurenge ta LiSA daga Kimetsu no Yaiba na 2019. Waƙoƙin Slam Dunk sun dawo suna haɗa ɓangarorin biyu tun bayan fim ɗin da ya fito a Disambar 2022. Waƙoƙin shirye-shiryen tsakar dare, waɗanda masu bibiya sosai kaɗai suka sani, akan ajiye su sai an haɗu da abokan makaranta, ko kuma mutum ya kama ɗaki shi kaɗai, abin da ake kira hitokara. Akwai gidajen da aka gina musamman don haka, masu ƙananan ɗakuna na mutum ɗaya, kuma da yawa can suke zuwa su gwada matakin da ya dace da muryarsu kafin liyafar ƙarshen shekara ta ofis.