Sikanin a farkon ciki: tambayoyin da na gaji da amsawa

Aikina riƙe na'urar hoton ciki, wadda kowa ke ce wa sikanin, a wani asibiti a Kano. Babu ranar awon da ba na jin tambayoyin nan, wata sau goma kafin azahar. Na rubuta ne don bakina ya huta. Maigida ma ya leƙa, don rabin tambayoyin daga wurinsa suke fitowa.

Sikanin yana cutar da abin da ke ciki?

A'a. Da amon sauti yake aiki, wanda kunne ba ya iya ji, ba irin hasken hoton ƙashi ba ne. Ba ya sa ɓari. Amma kuma ba hoton biki ba ne da za ki riƙa zuwa duk sati.

Namiji ne ko mace?

A wata biyu? Ba a gani. Ku dawo a mako na 18 zuwa 20, shi ma sai in ya kwanta yadda za a gani. Duk wanda ya karɓi kuɗinki a mako na 8 ya ce miki namiji ne, canka ya yi.

Mako 4 da dawowata daga tafiya, takardar matata ta ce ciki mako 6. Yaya ke nan?

Malam, ka zauna tukuna. Lissafin asibiti ba daga ranar da ciki ya shiga yake farawa ba, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe ake ƙirgawa. Mace mai al'ada duk kwana 28 tana sakin ƙwai wajen rana ta 14, to ka ga akwai mako 2 a cikin lissafin da babu ciki ma sam. Mako 6 a takarda, mako 4 ke nan da shigar ciki. Ita kanta na'urar tana iya kuskuren kwana 5 zuwa 7, gaba ko baya. Na sha ganin amarya tana kuka a bakin ƙofata saboda wannan lissafin da ba a yi wa ango bayaninsa ba. Ku ji tsoron Allah, ku tambaya kafin ku zargi 'yar mutane.

Me ake gani a waɗannan makonnin?

A mako na 5, 'yar jakar ruwa ce baƙa a cikin mahaifa. Kafin mako na 6 sai wani ƙaramin zobe ya fito a cikinta. A mako na 6 ake fara ganin ɗan tayin, bai kai ƙwayar shinkafa ba, zuciyarsa tana ƙiftawa kusan sau 100 a minti. A mako na 8 ya kai kamar ƙwayar wake, milimita 16 ko kusa da haka, hannuwa da ƙafafu sun tsiro. Wajen mako na 9 bugun zuciya yana kaiwa 170, kada ki firgita, haka ake so. A mako na 12 ya kai santimita 5 zuwa 6, da yatsunsa, yana juyi abinsa. Tagwaye ma a wannan zangon aka fi tantance su, har a gane ko mabiyiya ɗaya suke da ita ko kowa da tasa.

To me ya sa ba na jin motsi?

Ya yi ƙanƙanta. Sai mako na 16 zuwa 20, mai cikin fari takan fi jinkirin ji.

Dole sai na sha ruwa?

In ta mara za a yi, dole. Cikakkiyar mafitsara ce ke buɗe mana hanya mu hango mahaifa. Ki sha, ki riƙe fitsarin, ki daina zagayawa bayi ana gab da kiran sunanki.

An ce za a yi min ta gaba. Ba zai taɓa cikin ba?

Ba zai taɓa ba. Sandar na'urar ba ta shiga mahaifa, a waje take tsayawa, kuma tana nuna abin da na mara ba zai nuna ba sai bayan kamar mako guda. Shi wannan babu shan ruwa, fitsari ma ake so ki yi. Kina da damar cewa mace kike so ta yi miki, ko a tsayar da ma'aikaciya a ɗakin.

An ga jaka babu ɗa a ciki, ko an ga ɗa babu bugun zuciya. An ce in yi wankin ciki yau. In yi?

Wannan ba ni da amsa guda da zan ba kowa, don ban ga hotonki ba, ban san kwanakinki ba. Abin da zan fara tambayarki shi ne: kin tabbata da ranar al'adarki ta ƙarshe? Yawancin matan da ke zama a gabana ba su tabbata ba. Wata tana shayarwa ta yi kwanika, ba ta ga jini ba tun na biƙi. Wata ba ta daɗe da barin allurar tsarin iyali ba. Wata al'adarta takan yi kwana 40 ba ta zo ba. Irin waɗannan, cikin da suke zaton mako 8 ne yana iya zama mako 5, kuma a mako na 5 jaka kaɗai za a gani ko da ciki lafiyarsa ƙalau.

Sai kuma wane irin sikanin aka yi. Na mara a farkon ciki yana ɓoye abu, balle in mace tana da jiki, ko tana da ƙari a mahaifa, ko na'urar tsohuwa ce. Akwai ma'aunin da likitoci ke bi, kuma da na gaba ake auna shi: in tsawon ɗan tayi ya kai milimita 7 babu bugun zuciya, ko jakar ta kai milimita 25 babu kowa a ciki, to ciki ya lalace. In bai kai haka ba, hukunci bai yanku ba. Sai a jira kwana 7 zuwa 14 a sake dubawa. Ki duba takardarki, in ba a rubuta ma'auni ba ki tambaya. Na san jiran nan da ciwo, mace ba ta barci, amma wanda aka wanke ba ya dawowa. Na ga waɗanda suka dawo bayan kwana 10 muka iske zuciya tana bugawa. Na kuma ga waɗanda suka dawo jakar tana nan yadda take, ba zan ɓoye miki ba.

Sai dai jiran yana da sharaɗi. In jini yana zuba har kina jiƙa audugar mata ɗaya bayan ɗaya, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko ruwa mai wari yana fita, babu jira, asibiti yanzu. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne a ce gwajin fitsari ya nuna ciki amma ba a ga komai a mahaifa ba. Yana iya zama ciki ne ƙarami, yana iya zama ɓari an riga an yi, yana kuma iya zama ciki ya zauna a bututun mahaifa, wanda ke samun mai ciki 1 zuwa 2 cikin 100. Shi in ya fashe, jini a ciki yake zuba, ba a gani. Ciwon mara a gefe ɗaya, jiri, ciwo a kan kafaɗa ko suma, ko ƙarfe biyun dare ne a ɗauke ki.

In kuma an tabbatar ciki ya lalace, ba wanki ne kaɗai hanya ba. Akwai jira ya fita da kansa, akwai magani, akwai wankin, likitanki zai duba wanda ya dace da ke. Kada ki je kemis ki sayi ƙwaya da kanki. Kuma ki daina tuhumar kanki. Ciki 10 zuwa 20 cikin 100 da aka san da su suna zubewa, galibi a watanni ukun farko, kusan rabinsu kuwa tun daga haɗuwar ƙwayoyin halitta aka samu tangarɗa. Ba dakan da kika yi ba ne, ba hawa babur ba ne, ba kuma kishiyarki ba ce.

Gwajin fitsari har yanzu yana nuna ciki. Ko kwanciya ya yi?

Sinadarin da gwajin ke kamawa yakan yi makonni a jiki bayan ciki ya lalace. Na san Inna za ta ce kwanciya ya yi, a sha rubutu da saiwa a tayar da shi. Ina girmama Inna, amma ɗan tayin da aka tabbatar zuciyarsa ta tsaya ba ya tashi. Zama da shi wata da watanni kuwa yana iya jawo zubar jini ko ruɓa a mahaifa.

Sai ciki ya fito zan fara awo, ai da kunya.

Kunyar nan tana ba ni haushi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko a cikin mako 12 na farko, a kuma yi sikanin ko sau ɗaya kafin mako na 24. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya yana rufewa ne wajen mako na 6, lokacin da wata ba ta ma gaya wa mijinta ba. Ƙaramar ƙwayar nan ta folik asid, mikrogiram 400 kullum, aikinta ke nan, shi ya sa ake so a fara ta tun kafin ciki. Ki ɓoye wa maƙwabta in kina so, ban da asibiti.

Na yi sikanin biyu, kowanne da ranar haihuwar da ya ba ni. Wanne zan bi?

Na farkon. A watanni ukun farko 'yan tayi kusan girmansu ɗaya, shi ya sa ma'aunin ke zama daidai. Na wata takwas yana iya kaucewa da mako 3. Ki adana takardar farko, kada yara su yaga ta, ki zo min da ita duk ranar da za ki dawo.