Waiwaye: Yadda Makaranta Ta Shiga Ƙaramin Gari, Da Yadda Take Fita

Duk ƙaramin garin karkara da ka tambayi tarihinsa, amsa biyu za ka samu. Dattawa za su ba ka ta farko: wanda ya fara sare daji, rijiyar da aka sauka a bakinta, lokacin da kasuwa ta fara ci. Ta biyun a jikin gine-gine take, wato shekarar da aka buɗe firamare, da wadda aka kawo gidan waya, da wadda aka ja wuta. Ta farko 'yan gari ne suka yi ta da hannunsu. Ta biyu kusan kullum a wani ofis mai nisa ake yanke ta, kuma mai yankewar tambaya biyu ke gabansa: mutum nawa ne a wurin, kuma tafiyar da yaro zai yi ta kai nawa. Kusan shekara ɗari biyu ke nan waɗannan tambayoyi suna jan zare, wani lokaci wannan ta rinjaya, wani lokaci waccan.

A Faransa, dokar da ministan ilimi François Guizot ya kawo a 1833 ta wajabta wa kowace gunduma ta riƙe makarantar firamare, ko ita kaɗai ko ta haɗa gwiwa da maƙwabta. Yara maza aka fi nufi. Mata sai da suka jira 1850, su ma sai in garinsu ya kai mutum 800, kafin a sauko da adadin zuwa 500 a 1867. Abin da ya fi burge ni a dokar Guizot shi ne ta ce gari ya ba malami wurin zama, ya kuma biya shi abin da bai gaza faran 200 a shekara ba. Wanda ya tsara ta ya san malamin da ba shi da makwanci ba zai daɗe ba. Da dokokin ministan ilimi Jules Ferry na 1881 da 1882 suka mai da karatu kyauta kuma tilas daga shekara 6 zuwa 13, sai ƙauyukan ƙasar suka cika da wani irin gini guda: ofishin magajin gari a tsakiya, ajin maza a wannan gefe, na mata a wancan. A ƙananan garuruwa da yawa, malamin makarantar shi ne kuma sakataren magajin gari.

Amurka ta bi ta hanyar rabon fili. Dokar awon filaye ta 1785 ta yanka sabbin yankuna murabba'i murabba'i, kowane yanki kashi 36, ta ware kashi na 16 don makaranta tun kafin a san wanda zai zauna a wurin. Ma'aunin da aka yi aiki da shi daga baya ƙafar yaro ce: inda zai iya zuwa ya dawo a rana, nan ake gina aji. Haka aka wayi gari wajen 1920 ƙasar na da makarantu masu malami ɗaya tal kusan 200,000. Malama guda, ɗaki guda, yara daga ɗan shekara shida har zuwa wanda ya fara gemu, babba na taya ƙarami bita. A ɗakin nan ake jefa ƙuri'a, a nan ake taron gari. Baƙaƙen fatan kudancin ƙasar, waɗanda hukumomi suka ƙi kulawa da su, sun samu nasu ta wata hanya. Attajiri Julius Rosenwald, da shawarar malamin nan baƙar fata Booker T. Washington, ya tallafa aka gina makarantu wajen 5,000 tsakanin 1912 da 1932, bisa sharaɗin mutanen gari su kawo nasu kason, kuɗi ne ko fili ko ƙarfin jiki. Da aka tattara lissafi, abin da talakawan nan suka haɗa ya ɗara abin da attajirin ya bayar.

Sauran kayan more rayuwa a baya suka biyo, kuma da jan ƙafa. Sai a 1896 gidan waya ya fara kai wa manomi wasiƙa har ƙofar gonarsa kyauta. Lantarki ya fi wuya. A 1935 gona ɗaya ce cikin goma take da wuta, domin kamfanoni sun duba sun ga jan waya mil guda saboda gida biyu ko uku asara ce. Gwamnatin Roosevelt ta kafa hukumar wutar karkara a shekarar, ta riƙa ba ƙungiyoyin gama kai na manoma rance mai sauƙi su ja wa kansu waya. Kafin shekara ashirin, gona tara cikin goma ta samu wuta.

To, titin da ya kawo wasiƙa shi ne ya fitar da makaranta. Da kwalta ta isa, mota ta yi araha, tarakta ta rage yawan hannun da gona ke bukata, sai jami'an ilimi suka ce ai ƙafar yaro ta daina zama ma'auni tunda ga bas. Gundumomin makaranta a Amurka sun haura 127,000 a 1932, yau ba su kai 14,000 ba, makarantu masu ɗaki guda kuwa 'yan ɗaruruwa suka rage. A 1959 James Conant, tsohon shugaban jami'ar Harvard, ya fitar da rahoton da ya ce sakandaren da ba ta yaye ɗalibi 100 a shekara ta yi ƙanƙanta ta koyar da abin da ya kamata, aka kuwa riƙe maganarsa gam.

A gaskiya hujjar ba ta banza ba ce, musamman a sakandare. Malami ɗaya ba zai iya da lissafi da kimiyya da harsuna duka ba, kuma ba a gina ɗakin gwaji saboda ɗalibi goma sha biyu. Inda nake ganin an yi son kai shi ne a firamare. Kuɗin da hukuma ta ce ta rage ba ɓacewa ya yi ba, komawa ya yi kan ɗan shekara bakwai da zai tashi da duhu ya shafe awa guda a mota. Garin kuma ba aji kaɗai yake rasawa ba. Malami ya kwashe iyalinsa, matasa masu ƙananan yara su bi makarantar inda ta koma, mai shago ya ga ciniki ya ja baya ya rufe. In an sake zuwa ƙidaya, sai a tarar adadin ya gaza abin da ake bukata don riƙe ɗakin shan magani, shi ma a ɗauke.

Ingila ta ga irin wannan ta fuskar jirgin ƙasa. Rahoton Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da layin dogo mil 5,000, akasari na karkara, aka kuma aiwatar da mafi yawansa. Sai a 1998 gwamnati ta sa ƙa'idar cewa asali barin makarantar ƙauye ake yi a buɗe, mai son rufewa shi zai kawo hujja. Japan, inda haihuwa ta ja baya, tana rufe makarantun gwamnati wajen 450 duk shekara.

Babu dai inda abin ya yi sauri kamar ƙasar Sin. Daga 2001 aka umarci hukumomin gundumomi su haɗe ƙananan makarantu, saboda yara sun ragu kuma iyaye na ta kwarara birane neman aiki. Cikin shekara goma, fiye da rabin firamaren karkara suka rufe. Yara ƙanana suka koma makarantun kwana a hedikwatar gunduma, wasu kuma ana cusa su a motocin da ba su dace ba, haɗurra suka yi yawa, masu barin karatu suka ƙaru a wasu yankuna. A 2012 majalisar gudanarwar ƙasar ta taka birki, ta ce kada a ƙara rufe makaranta sai an saurari iyaye. Amma ginin da aka riga aka mai da shi rumbu ko turken dabbobi, da wuya ya sake zama aji.

A Afirka matsalar ta juya baya. Nan yara ne suka yi wa azuzuwa yawa. Shugaba Julius Nyerere ya duba yadda mutanen Tanzaniya ke zaune a warwatse, ya ce gwamnati ba za ta iya bin kowane gida da famfo da malami ba, sai dai mutane su taru wuri guda. Da farko lallashi aka yi, daga 1973 zuwa 1976 aka koma tilas, aka kwashe miliyoyin mutane zuwa ƙauyukan Ujamaa, wato ƙauyukan zaman haɗin gwiwa. Makarantu sun samu, masu iya karatu da rubutu sun ƙaru ƙwarai, amma an raba manoma da gonakin da suka sani, an zaunar da wasu inda ƙasa ba ta da albarka, noma ya sha wuya. Wato maimakon a kai aji inda yaro yake, sai aka ɗauki garin ɗungurungum aka kai shi inda ajin yake.

Najeriya ta yi nata a 1976, shekarar da ta sauya fuskar ƙananan garuruwa ta hanya biyu. A watan Satumba aka fara shirin UPE na ilimin firamare kyauta, shekara ashirin da ɗaya bayan Jihar Yamma ta Awolowo ta fara nata a 1955. Yaran da suka fito sun zarce hasashen gwamnati nesa ba kusa ba, aka riƙa ɗaukar malamai da gaggawa, wasu da horon da bai taka kara ya karya ba. Je ka duba allon firamaren ƙauyuka da yawa a Arewa, 1976 za ka gani. A shekarar ce kuma aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka fara da 301, yau suna 774. Tun daga nan rabon ƙaramin gari ya rataya a kan abu guda: ya zama hedikwata ko bai zama ba. Wanda ya zama ya samu sakatariya, da babban asibiti, da sakandare, da ofishin 'yan sanda. Maƙwabcinsa, ko da ya girme shi da shekara ɗari, sai ya tashi da firamare da rijiya. Rigingimun da ake ta yi kan inda za a ajiye hedikwata ba son suna kaɗai ba ne, mutane sun san abin da ke biye da ita.

Gwamnatin Babangida ta kafa hukumar DFRRI a 1986 don hanyoyi da ruwa da wutar karkara, aka sake ƙaddamar da ilimin bai ɗaya da sunan UBE a 1999. Kowane shiri ya bar gine-ginensa. Ciwon da bai warke ba shi ne na riƙo. Gini ana yanka masa kyalle a ɗauki hoto, amma albashin malami da kuɗin gyaran kan famfo ba su da ranar biki. Binciken da aka yi ta yi kan famfunan tuƙa-tuƙa a ƙasashen kudu da Sahara yakan nuna cewa daga ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku ba sa aiki a kowane lokaci, sau da yawa saboda ƙaramin ƙarfen da babu mai sayar da shi a kusa.

Wasu ƙasashe sun koma wa ma'aunin ƙafa da gangan. Ƙa'idojin dokar haƙƙin ilimi ta Indiya ta 2009 sun ce firamare kada ta wuce kilomita 1 daga inda yaro yake, ajin gaba da ita kuma kilomita 3. Sai dai ƙidaya ba ta mutu ba ko a can: shirin hanyoyin karkara da aka fara a 2000 ya sa ƙauye sai ya kai mutum 500 kafin a kai masa titi, ko 250 a yankunan tsaunuka. Kwalambiya ta ɗauki wata dabara tun 1975 da tsarin Escuela Nueva, wato sabuwar makaranta. Ta amince cewa ƙauyen da ke kan dutse ba zai taɓa samun malami shida ba, sai ta horar da ɗaya ko biyun da ke akwai su riƙe azuzuwa da yawa a ɗaki guda, da littattafan da yaro zai bi da kansa, da damar ya tafi girbi ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Ni dai ina ganin wannan ya fi gaskiya da a rubuta aji shida a takarda alhali mutum ɗaya ke zuwa.

Wayar hannu da fitilar sola sun shiga ƙauyuka ba tare da jiran ma'aikatar kowa ba, amma makaranta da ɗakin shan magani har yanzu sai an samu wanda zai yarda ya kwana a garin. UNESCO ta ƙiyasta a 2024 cewa duniya na bukatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Gambiya ta gwada ƙara wa malaman wurare masu nisa kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na albashinsu, aka kuwa samu ƙarin ƙwararru suna karɓar aiki a can. A Najeriya, gwamnatin Buhari ta yi alkawarin alawus na musamman ga malaman karkara a Ranar Malamai ta Duniya ta 2020. Dokar ƙara shekarun ritaya zuwa 65, wadda aka yi alkawarinta rana guda da shi, ta samu sa hannu a 2022. Alawus ɗin kuwa, ƙungiyar malamai ta NUT ta sha kokawa cewa bai iso ba.