Waiwaye: Yadda aka fara ƙirga namun daji da tsuntsaye a karkarar ƙasar Hausa

Tun kafin a zo da takarda da alƙalami cikin wannan harka, maharba da makiyaya da masunta ne ke riƙe da ilimin daji. Maharbi yakan duƙa kan sawu ya faɗa maka na gwanki ne ko na kanki, jiya ya wuce ko da asubar yau, domin gefen sabon sawu kaifi gare shi, wanda ya kwana kuwa iska da raɓa sun ci bakinsa. Wanda ya ɗaura kan burtu a goshi yana tafiyar tsugune zuwa ga barewa ya riga ya san wane tsuntsu ne dabba ba ta tsoro. Manomi kuma idan ya ga shamuwa ta sauka kan tsamiya sai ya fara gyaran gona. Sai dai duk wannan a ka yake, ba a ƙirga shi, in dattijo ya rasu ya tafi da nasa.

Turawan farko da suka zo da niyyar nazari, tarawa suka sa a gaba. Boyd Alexander ya ratsa daga Binuwai zuwa Tafkin Chadi tsakanin 1904 da 1907, Angus Buchanan kuma ya tashi daga Kano zuwa Azbin a 1919 zuwa 1920. Harbin tsuntsu suke yi, a feɗe fata, a cusa mata auduga, a ɗaura takardar wuri da kwanan wata, a aika gidan adana kayan tarihi a Ingila. Wannan aiki ya nuna me ke akwai, bai nuna yawansa ba.

Wanda ya fi kusantar ilimin mutanen ƙasa shi ne likitan gwamnatin mulkin mallaka, J. M. Dalziel, wanda ya buga jerin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Hanyarsa har yau ita ake bi: a yanko reshe mai ganye da fure ko ’ya’ya, a shimfiɗa tsakanin takardu, a danne da katako biyu, a riƙa sauya takardar kullum har ya bushe, in ba haka ba ya yi funfuna. Sannan a rubuta sunan da mutanen garin suka faɗa. A nan ake gane zurfin harshe. Cediya da durumi da gamji da ɓaure, a wurin masana ’yan gida ɗaya ne, amma Bahaushe ya ba kowanne sunansa. A wani gefen kuma sunan tsattsewa ɗaya ya haɗe tsuntsaye da ba su da dangantaka. Mai nazarin da bai ajiye samfuri ko hoto ba, ya dogara da suna kaɗai, nan yake ɓata.

Ƙirga ta gaskiya ta fara ne da tsuntsaye. A 1964 aka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Najeriya, cikinsu akwai Hilary Fry a Jami’ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Bob Sharland wanda ya daɗe yana sa wa tsuntsaye zobe a Kano. Ana kafa lallausan taru tsakanin sanduna biyu tun kafin gari ya waye, ana zagaya shi duk rabin awa ko ƙasa da haka, ana naɗe shi da zarar rana ta yi zafi, don tsuntsun da ya daɗe a rataye cikin zafi mutuwa yake yi. Kowane ɗaya a auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a maƙala masa zoben goran-ruwa, wato alminiyam, mai lamba a ƙafa, a sake shi. Da wannan aka gano, a Malamfatori bakin Tafkin Chadi cikin shekarun 1960, cewa ƙananan tsuntsayen da ke zuwa daga Turai sukan tara kitse sosai a watannin Maris da Afrilu kafin su tsallaka Sahara. Ma’anar wannan babba ce: in fadama ta bushe a nan, tsuntsu ba ya isa can.

Fadamar Haɗejiya da Nguru ta tabbatar da haka. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ga fari na shekarun 1970 da 1980 a tsakani, ambaliyar da ke cika fadamar duk damina ta ragu. A 1987 aka kafa shirin kare fadamar, aka riƙa ƙirga tsuntsayen ruwa a tsakiyar Janairu, lokacin da baƙi daga Turai suka gama sauka suka tarar da kirinjijiya da ɗinya da zalɓe. Ba ɗaya-ɗaya ake ƙirga garke ba. Da madubin hangen nesa ake ware goma, sai a auna wannan yanki a kan sauran, in garken ya yi girma a koma hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. Mutum biyu su ƙirga kowa da kansa, sannan a gwada. Abubuwan da ke lalata lissafi sanannu ne. Kwalekwale ya kori garke ya koma tabki na gaba a sake ƙirga shi. Hazo ya rufe nesa. Kachala, wadda ta mamaye hanyoyin ruwa tun da madatsu suka sa ruwa ya daina ƙafewa da rani, ta ɓoye abin da ke cikinta. Mafi muni shi ne a sauya wuraren tsayawa daga shekara zuwa shekara, domin lambobin ba za su ƙara gwaduwa da juna ba. An sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare fadamu, a 2000.

Manyan dabbobi sun fi wuya. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga baƙi a 1962. Ana ƙirga giwa ta jirgin sama ko ta bin layi a ƙasa ana lissafa kashinta, kowace hanya da cikas ɗinta: kurmin kogin Gaji yana rufe garke daga sama, kashi kuwa sai an san kwana nawa yake yi kafin gara da buzuzu su cinye shi. Raƙuman dawa na Kure a Nijar sun fi daɗin aiki, domin zanen jikin kowanne daban yake. Ana ɗaukar hotonsa dama da hagu a ajiye kamar katin shaida. A 1996 guda 49 suka rage, yanzu sun haura 600, har aka kwashi takwas zuwa Gadabeji a jihar Maraɗi a 2018.

Tun da aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos a 2001, aikin ya koma hannun ’yan ƙasa. Shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da ya fara a 2015 ya yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa-kai zai yi aƙalla awa biyu a ciki, cikin kwana biyar, ya leƙa gona da rafi da dutse da bayan gari, ya rubuta kowane iri a waya bisa jerin yadda ya gan shi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ungulu. Lokacin da take cika mahauta da juji a kowane gari, ba wanda ya ga dalilin ƙirga ta. A 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, alhali ba mu da lambar da za mu ce daga nan ta faɗo. Abin da ya rage shi ne a zauna da tsofaffin mahauta da maharba, gari-gari, a rubuta shekarar da kowa ya yi mata ganin ƙarshe, da bishiyar da take kwana, da ko bishiyar na nan.