Wai laifi ne amfani da PGP da RSA? Ga amsa, dan Allah kar a sake tambayata

Duk wanda ya fara koyon tsaron kwamfuta sai ya zo min da tambayoyin nan kan fatent da doka game da PGP (manhajar kulle saƙo don kar wani ya iya karantawa) da RSA (dabarar lissafin kulle saƙo da ke cikinta), wasu ma a tsorace kamar ƴan sanda na bakin ƙofa. Na gaji da maimaitawa, ga su nan wuri ɗaya.

Menene fatent ɗin ma?

Takardar gwamnati ce da ke ba wanda ya ƙirƙiro abu ikon hana wasu amfani da shi na wasu shekaru, yawanci 20. Wa'adi na cika, ya zama na kowa.

Za a kama ni in na kulle saƙo da RSA?

A'a. Fatent ɗinsa ya mutu tun Satumbar 2000. Ka kwantar da hankalinka.

To me ya sa ake cewa an kusa ɗaure wanda ya yi PGP?

Nan ne kuke cakuɗa magana biyu, kuma abin yana ɓata min rai. Phil Zimmermann ya saki PGP kyauta a 1991, ya sa RSA a ciki ba tare da lasisi ba, alhali jami'ar MIT ta riƙe fatent ɗin tun 1983 kuma kamfanin RSA Data Security ne ke cin kuɗinsa, shugabansu Jim Bidzos ya yi ta kumfar baki. Wannan rigimar kuɗi ce. Binciken da gwamnatin Amurka ta yi masa daga 1993 zuwa farkon 1996 kuwa na fitar da manhajar waje ne, don a lokacin dokarsu tana lissafa kulle saƙo mai ƙarfi cikin kayan yaƙi. Aka rufe binciken ba a gurfanar da shi ba. Ku daina haɗa su.

Ina rubuta manhaja a Kano, zan ɗora ta a Play Store, akwai kulle saƙo a ciki. Ina da matsala?

Yawwa, wannan ita ce tambayar. Amsar ita ce ya danganta. Fatent ba ya tsallake iyakar ƙasa, inda aka yi masa rajista nan yake aiki, shi ya sa fatent ɗin RSA, da a Amurka kaɗai aka yi masa rajista, bai taɓa ɗaure kowa a wajen Amurka ba, har aka yi ta yaɗa wani PGP na daban daga Norway don sauran duniya. To amma kai da ka ɗora manhajarka, mutumin Amurka ko Jamus zai iya sauke ta, kenan kayanka sun shiga kasuwarsu, dokarsu tana iya taɓa ka, musamman in kana karɓar kuɗi. In AES, wata dabarar kulle saƙon, kake amfani da shi ba ka da damuwa, ƴan Beljiyam biyu ne suka ƙirƙiro shi, Amurka ta ɗauke shi a 2001 kuma kyauta yake ga kowa. Fatent ɗin RSA da na Diffie-Hellman (dabarar musayar makullin sirri) duk sun ƙare, na biyun tun 1997. Fatent ɗin dabarar IDEA da ya hana GnuPG (manhajar kyauta mai aiki irin na PGP) sakat shekara da shekaru shi ma ya ƙare a 2012. Inda nake cewa a yi hattara shi ne sabbin abubuwa, ko wata dabara da wani kamfani ya ce tasa ce shi kaɗai, nan kam sai ka karanta takardunsu da kyau, in kuɗi mai yawa ne a ciki ka nemi lauyan da ya san harkar, kar ka tsaya ga maganata. Sannan ko dabarar lissafin ta zama ta kowa, kod ɗin da ka kwafo yana da nasa lasisin, wannan haƙƙin mallaka ne, wata doka ce daban. Ka ɗauko laburare (tarin kod da aka riga aka rubuta) sananne irin OpenSSL, ka bi sharuɗɗansa, mafi yawanku iya nan matsalar ta ƙare.

In na samu kirak, wato manhajar kuɗi da aka fasa don a yi amfani da ita kyauta, fa?

Haba malam. Kana so ka ɓoye sirrinka sai ka miƙa shi ga manhajar da wani da ba ka sani ba ya farke ya sake ɗinkewa? GnuPG kyauta ne. Ka goge kirak ɗin nan yau.

Kai a ganinka Zimmermann ya kyauta?

Haƙƙin mutane ba abin wasa ba ne, Rivest da Shamir da Adleman, waɗanda suka ƙirƙiro RSA, sun yi aikin gaske a 1977 kuma sun cancanci su ci guminsu. Amma wallahi zuciyata tana tare da Zimmermann. RSA lissafi ne na ninka lambobi, har wani ma'aikacin leƙen asirin Ingila, Clifford Cocks, ya riga su gano irinsa a 1973 aka rufe maganar sai 1997. Shekara 17 aka yi kamfanoni masu kuɗi suna biyan lasisi su kare sirrinsu, ɗan jarida ko talaka a Amurka kuwa an yi lokacin da sai ya yi ta tunanin ko ya taka doka kafin ya kulle wasiƙarsa. Wannan ban yarda da shi ba.

WhatsApp ɗina fa?

Tsarin kulle saƙo na manhajar Signal yake amfani da shi tun 2016, ba ruwanka da wani fatent. Ci gaba da hirarka.